Baƙo Raɓa Ne: Tarihin Masauki da Haya a Salaga, Yendi da Bawku

Gabatarwa

A garuruwan ƙasar Gana akwai unguwar da ake kira zango. Kalmar Hausa ce, ma'anarta ta asali kuwa ita ce wurin da ayarin fatake yake sauka ya kwana kafin ya ci gaba da tafiya. Ba a yin zango domin a dawwama. Duk da haka a Salaga da Yendi da Bawku akwai iyalai da suka yi shekara ɗari da ɗoriya a zango, a can aka haifi kaka, a can aka haifi jika, har wa yau kuwa sunan unguwarsu yana kiransu matafiya. Da yawa daga cikinsu ba su taɓa mallakar ɗakin da suke kwana a ciki ba.

Sa'ad da mutum yake da ƙarfi, zaman haya ba ya ba shi tsoro. In mai gida ya tashe shi, sai ya naɗe tabarmarsa ya nemi wani ɗaki. Tsoron yana zuwa ne tare da furfura, lokacin da aiki ya ƙare, samu ya ragu, 'ya'ya suka watse, kuɗin ɗaki kuwa yana ta hawa. Wannan rubutu zai bi tarihin garuruwan nan uku, domin mai karatu ya ga inda al'adar masauki ta samo asali, da yadda ta rikiɗe ta zama haya ta kuɗi, da kuma abin da ya sami waɗanda suka zuba dukiyarsu a ginin da ƙasarsa ba tasu ba ce.

Fataken Gwanja

Goro ne ya kai Hausawa wannan ƙasa. Itacen goro yana son kurmi mai yawan ruwa, irin na ƙasar Asante, waɗanda Hausawa suke kira Tonawa, masu cinsa kuwa suna can ƙasar Hausa da Barno. A ƙarni na 19 sarakunan Asante ba su yarda fataken arewa su shiga kurmi su sayi goro da kansu ba. Sai suka mai da Salaga, a ƙasar Gwanja, ta zama kasuwar da za a riƙa haɗuwa. Asantawa su kawo goro daga kudu, fatake su kawo kanwa da tufafi da fatu da dabbobi daga arewa.

Ayari yakan tashi daga Kano ko Sakkwato ƙarƙashin madugu, ya haye Kwara wajen Yawuri, ya ratsa ƙasar Bargu, ya bi ta Sansanne Mango, ya sauka Yendi, sa'an nan ya isa Salaga. Tafiyar watanni ce, zuwa da dawowa kuwa yakan cinye rabin shekara ko fiye. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi shahara da wannan fatauci. Garin ya yi suna saboda yawan rijiyoyinsa. Ya kuma yi wani suna mai ɓacin rai, gama a kasuwarsa ana sayar da 'yan Adam kamar yadda ake sayar da shanu. Har yanzu akwai wurin da ake nuna wa baƙi da sunansa na Hausa, inda ake yi wa bayi wanka kafin a kai su kasuwa. A shekara ta 1877 Theophilus Opoku, fasto ɗan ƙasa na Mishan ɗin Basel, ya kai ziyara Salaga, ya rubuta abin da idonsa ya gani na wannan ciniki.

Sarkin ƙasar ba ya zaune a Salaga. Fadarsa tana Kpembe, ɗan nesa kaɗan da kasuwar. Wannan ƙaramin abu yana da muhimmanci ga dukan labarin: gari ɗaya na masu ƙasa, gari ɗaya na baƙi.

Mai Gida da Baƙonsa

Falken da ya iso Salaga da jakuna da kaya yana bukatar abu huɗu: wurin kwana, wurin ajiya, wanda zai yi masa tafinta, da wanda zai tsaya masa in an ci bashinsa. Dukansu yakan same su a hannun mutum ɗaya, wato mai gida, wanda ake kuma kira fatoma. Mai gida yakan kasance tsohon falke ne da ya daina tafiya, ya roƙi fili wurin sarki, ya gina ɗakuna da yawa. Yana saukar da baƙi, matansa suna dafa musu abinci, yaransa suna yi musu dillanci.

Abin lura shi ne, ba kuɗin ɗaki mai gida yake jira ba. Ribarsa tana cikin la'adar cinikin da aka yi ta hannunsa da kyautar da baƙo zai yi masa ranar sallama. Saboda haka baƙo dukiya ne a gare shi. Yana son ya dawo baɗi, ya kuma kawo ɗan'uwansa. Mai gidan da ya wulakanta baƙo, labarinsa zai riga shi isa Kano, ayari mai zuwa kuwa zai sauka a wani gida. Haka nan falken da ya tsufa ko ya karye a Salaga yakan sami ɗan ɗaki a gidan da ya saba sauka, yana taimako da ɗaurin huhun goro ko tsaron zaure, har ranar da za a binne shi.

Shi kansa mai gidan baƙo ne a wurin sarki. Bisa ga al'adar Gwanjawa da Dagwamba, ƙasa tana hannun sarauta, wadda a arewa ake kira fata domin a kan fatu sarki yake zama. A ƙasar Kusasi kuwa mai kula da ita shi ne tindana, wato mai ƙasa. Baƙo yakan kai goron gaisuwa, a nuna masa fili, ya yi gini. Ginin nasa ne, 'ya'yansa za su gāda, amma ƙasar da ke ƙarƙashi ba a sayar masa ba. Muddin akwai zaman lafiya tsakanin zango da fada, ba wanda yake tunawa da wannan bambanci.

Faɗuwar Salaga

A shekara ta 1874 sojojin Ingila suka ci Asante da yaƙi suka ƙone Kumasi. Gwanjawa suka ga dama ta samu, suka kuɓuce daga ikon Asante. Asantawa kuwa suka rama ta hanyar karkatar da goro zuwa wasu kasuwanni, musamman Kintampo. Daga nan ɗakunan masu gida suka fara zama babu kowa.

Babban bugu ya zo a ƙarshen shekara ta 1892. Gidajen sarautar Kpembe suka yi rikici kan gadon mulki. Kabachewura Isifa ya nemi taimakon Dagwamba da Nanumba, ya kori Kpembewura Napo. Mutanen zango ba su da rabo a sarautar da ake faɗa a kanta, amma su ne suka fi kowa hasara. Aka washe kasuwa, jama'a suka watse zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo da sauran garuruwa. Cikin waɗanda suka gudu har da malamin nan Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna a Kete-Krachi ya zama limami har rasuwarsa a 1934. Ya bar waƙa a kan wannan yaƙi.

Falke ya ɗora abin da ya rage masa a kan jaki ya tafi. Mai gida bai iya ɗaukar ɗakunansa ba. Ginin ƙasa kuwa yana rayuwa ne da hannun mai shi: kowace shekara sai an yi yaɓe, an gyara jinka ko rufin soro, an buɗe magudanar ruwa. In aka bar shi damina biyu ko uku sai ya koma ƙasar da aka ɗebo shi. Dattawan da suka zuba ribar shekara talatin a gini, suna zaton sun tanadi tsufansu, suka wayi gari suna neman masauki a gidan wani.

Garin bai komo kamar dā ba. Jirgin ƙasa ya kai Kumasi a 1903, ya kai Kano a 1911, goro ya koma bin teku zuwa Ikko. Turawa suka mai da hedkwatar mulkin arewa Tamale a 1907. Su ma waɗanda suka fake a Kete-Krachi ba su tsira har abada ba. Da aka datse kogin Volta a Akosombo, ruwa ya fara taruwa a 1964, ya cinye tsohon garin tare da zangonsa. Mutum wajen 80,000 ne aka tasa daga yankin tafkin, aka zaunar da su a sababbin ƙauyuka 52. Jikokin waɗanda yaƙi ya kora daga Salaga, ruwa ya sāke korarsu.

Yendi Tsakanin Masu Mulki

Yendi ita ce mazaunin Ya Na, sarkin Dagbon, kuma babban zango ce a hanyar goro. A 1888 Ingila da Jamus suka yarda su bar yankin Salaga da Yendi ba na kowa ba a tsakaninsu. Yarjejeniyar ba ta hana Jamusawa kawo yaƙi ba. A watan Disamba na 1896 suka karya rundunar Dagwamba a Adibo, suka shiga Yendi suka sa mata wuta. A 1899 aka raba yankin, Salaga ta faɗa hannun Ingila, Yendi ta faɗa hannun Jamus. A 1914 Ingila ta karɓe Yendi, a 1956 kuma aka yi ƙuri'ar da ta haɗa wannan sashe na Togo da ƙasar da ta zama Gana a 1957. Dattijon da aka haifa a zangon Yendi a 1890, in ya kai shekara saba'in, ya zauna ƙarƙashin mulki huɗu bai gusa daga ƙofar ɗakinsa ba.

Masu kawo bishara ma a matsayin baƙi suka shigo. Mishan ɗin Basel ya buɗe tasha a Yendi a 1913, amma yaƙin duniya na fari ya sa aka kwashe ma'aikatansa a 1916, suka bar abin da suka gina. A 1931 Lloyd Shirer da matarsa Margaret suka zo daga ƙasar Mosi suka fara aikin Assemblies of God a Yendi. Su ma sai da yardar Ya Na suka sami wurin zama.

A zamanin Turawa aka yi doka ta sa filayen arewa ƙarƙashin ikon Gwamna. Tsarin mulki na 1979 ne ya mayar da su ga sarakuna da masu ƙasa na asali, na 1992 kuma ya tabbatar da haka. Tun daga lokacin tambayar nan, wane ne mai ƙasa, wane ne baƙo, ta ƙara nauyi. A watan Fabrairu na 1994 yaƙi ya ɓarke tsakanin Konkomba a gefe ɗaya, da Nanumba da Dagwamba da Gwanjawa a gefe ɗaya. An ce faɗan ya tashi a kan cinikin zabuwa a kasuwar Nakpayili kusa da Bimbila, amma tushensa ƙasa ce da sarauta. Mutane aƙalla 2,000 suka mutu, ƙauyuka fiye da 400 suka ƙone, fiye da mutum 150,000 suka rasa matsuguni. Konkomba da suke zaune a Yendi da Salaga da Tamale, masu haya da masu gini duka, suka bar garuruwan.

Kwana Goma Sha Huɗu

Ƙidayar 1960 ta nuna kimanin kashi 12 cikin ɗari na mazaunan Gana 'yan wasu ƙasashe ne. A ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Dokta Kofi Busia ta ba da umarni cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya fita cikin kwana goma sha huɗu. Yawancin mutanen zango ba su taɓa riƙe irin wannan takarda ba, gama kakanninsu sun zo tun ba a ja iyaka ba. Haihuwa a Gana kaɗai kuma ba ta isa ta mai da mutum ɗan ƙasa ba. Dubban ɗaruruwa suka fita zuwa Nijeriya da Nijar da Togo da ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso. A 1970 wata doka ta biyo baya ta hana baƙi ƙananan sana'o'in kasuwa.

Wanda yake da kwana goma sha huɗu ba ya ciniki, abin da aka taya shi zai karɓa. Aka sayar da gidaje da rumfuna da kekunan ɗinki da araha, waɗansu kuma aka bar su a hannun maƙwabta. Yarabawa 'yan kasuwa, waɗanda suka cika kasuwannin arewa, da yawansu Kiristocin Baptis ne daga Ogbomosho da garuruwan kusa da ita. Da suka tafi, majami'un da suka gina suka kusa zama kango, sai daga baya 'yan ƙasa suka cika su. Amma Yarabawan nan suna da wata al'ada da ta cece su: burin kowane ɗan kasuwa shi ne ya gina gida a garinsu tun yana neman kuɗi a Gana. Waɗanda suka yi haka sun sami ƙofar da za su buɗe. Gida biyu maganin gobara. Tsohon da aka haifa a zango, wanda Kano ko Katsina suna ne kawai da ya ji a bakin kakansa, shi ne ya sauka daga mota bai san inda zai nufa ba.

A watan Janairu na 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta yi irin wannan umarni a Nijeriya, 'yan Gana wajen miliyan ɗaya suka koma gida. Masu gida na jiya suka ɗanɗani baƙunci.

Masauki Ya Zama Haya

Da fatauci ya mutu, ɗakunan baƙi ba su rasa masu shiga ba. Malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, 'yan sanda, direbobi, leburori da masu ɗinki suka maye gurbin fatake. Amma waɗannan ba su kawo kayan da za a ci la'adarsu ba. Sai mai gida ya sa wa ɗaki kuɗi. Daga ranar dangantakar ta sāke. A dā mai gida yana addu'a baƙonsa ya daɗe. Yanzu in wani zai biya fiye, fitar tsohon ɗan haya riba ce.

Gwamnatin Kwame Nkrumah ta yi Dokar Haya a 1963, wadda aka sani da lamba 220. Ta kafa ofishin kula da haya, ta hana mai gida karɓar kuɗin gaba na fiye da wata shida, ta kuma ce ba za a fitar da ɗan haya ba sai da hukuncin kotu, bisa dalilai da ta lissafta, kamar rashin biya, ko bukatar mai gida ya zauna da kansa, ko rushe ginin domin a sāke shi. A takarda kariyar tana da kyau. A kasuwa kuwa ɗakuna ba su isa ba, don haka al'adar neman adibas na shekara ɗaya ko biyu ta kafu, mai neman ɗaki kuma ba ya kai ƙarar wanda yake roƙo ya ba shi makulli. Ƙidayar 2021 ta nuna kusan sulusin iyalan Gana a haya suke, a birane kuwa sun kusa rabi. A 2023 gwamnati ta buɗe wani shiri na ba da rancen adibas, a riƙa biya wata-wata, amma sai mai tabbataccen samu ne yake iya shiga.

Mai gida ma yana da nasa uzuri, gaskiya kuwa ta bukaci a faɗe shi. Sau da yawa shi ma tsoho ne ko gwauruwa, ɗakuna huɗun nan su ne fanshonsa. Darajar sidi ta zube, har tsadar kaya ta haura kashi 50 cikin ɗari a ƙarshen 2022. Da adibas yake sayen siminti da kwano kafin su ƙara tsada. Talaka biyu ne suke jan bargo ɗaya.

Gyaran Ɗakin Wani

A nan ne ɗan haya yake shiga tsaka mai wuya. Ɗakin da zai yi shekara ashirin a ciki yana yoyo, daɓen ya farfashe, ba silin, ba makewayi. In ya jira mai gida, zai tsufa cikin ɗigar ruwa. In ya gyara, ya sa siminti, ya canja kwano, ya jawo wuta da famfo, ya yi fenti, to ya ƙara wa dukiyar wani daraja. Sau da yawa gyaran nan shi ne yake jawo ƙarin kuɗi, gama ɗakin ya zama abin sha'awa ga mai albashi.

Al'adar gargajiya da dokar da aka gāda daga Ingila sun sha bamban a wannan wuri. A al'ada, wanda sarki ya ba fili ya gina, ginin nasa ne. A dokar haya kuwa, abin da aka kafa ya manne da gini yakan bi ginin, sai dai in an yi yarjejeniya dabam. Mutane da yawa suna shiga haya da tunanin al'ada, ranar fita sai su tarar da hukuncin doka. Ga kuma wata matsala: yarjejeniyar baki tana mutuwa tare da wanda ya yi ta. Mai gida mai kirki ya ce, gyara, za mu daidaita. Bayan rasuwarsa magada goma suka zo raba gado, ba wanda ya ji wannan magana a cikinsu. Zanen aro ba ya rufe katara.

Bawku

Bawku tana kusurwar arewa maso gabas, kusa da iyakar Burkina Faso da Togo. Kasuwarta ta albasa da shanu da goro ta tara Hausawa da Mosi da Bisa da sauran kabilu, kowa da unguwarsa. Asibitin da Ikkilisiyar Presbiteriyan take gudanarwa tun shekarun 1950 ya jawo marasa lafiya daga ƙasashe uku.

Tun 1957 Kusasi da Mamprusi suke jayayya a kan sarautar garin. Gwamnatin Nkrumah ta amince da Kusasi a 1958, gwamnatin soja ta mayar wa Mamprusi a 1966, gwamnatin Rawlings ta sāke mayar wa Kusasi a 1983. An zubar da jini a 2000 da 2001, da kuma ƙarshen 2007 zuwa 2008. Daga watan Nuwamba na 2021 faɗan ya sāke tashi, aka yi ta sa dokar hana fita, aka ƙone gidaje, ma'aikata da 'yan kasuwa da yawa suka bar garin. A 2025 Asantehene Otumfuo Osei Tutu na Biyu ya zauna da ɓangarorin domin neman sulhu.

Abin da ya faru a Salaga a 1892 shi ne ya maimaita kansa. Gari ya rabu unguwa-unguwa, mutum ya tarar ɗakin da yake haya yana ɓangaren da bai kamata a gan shi ba. Wanda ya biya adibas na shekara biyu ya tafi ya bar shi. Mai gidan da ya dogara ga 'yan haya ya zauna da ɗakuna a kulle. Matasa sun iya komawa Bolgatanga ko Tamale ko Kumasi su fara sabuwar rayuwa. Tsofaffi su ne suka rasa ƙarfin tafiya, suka kuma rasa kwanciyar ran zama.

Ranar Ajiye Aiki

Ma'aikacin gwamnati a Gana yana ajiye aiki a shekara 60. In yana gidan gwamnati, makullin yana komawa tare da aikin. Mafi yawan mutanen zango kuwa, mahauta da madinka da masu talla da direbobi, ba su da fansho ko kaɗan. Shirin inshorar lafiya ya yafe wa mai shekara 70 kuɗin shekara, shirin tallafin matalauta da aka fara a 2008 yana ba waɗansu tsofaffi ɗan abin hannu, amma ba ɗayansu da aka tsara domin ya biya adibas.

Gwauraye mata sun fi kowa shiga haɗari. Dokar gado ta 1985, mai lamba 111, ta ba matar mamaci da 'ya'yansa gidan da ya mallaka. Gyaran da aka yi mata daga baya ya hana a kori gwauruwa daga gidan haya sai da hukuncin kotu, daga gidan dangi sai bayan wata shida, daga gidan gwamnati sai bayan wata uku. Wannan jinkiri ne kawai. Bayan watannin sun cika, tambayar tana nan.

Ma'aikatan ikkilisiya ba su kuɓuta ba. Fasto da katikis da mai bishara sukan yi shekara talatin ana sauya musu wuri, suna zaune a gidajen mishan. Su dasa mangwaro, su gyara rufi, su haƙa rijiya, su bar wa na baya. Albashin bai kai na sayen fuloti ba. Ranar sallama akan yi musu addu'a da kyautar zane, sa'an nan su shiga neman ɗaki tare da samarin da suka yi wa baftisma.

Kammalawa

Littafin Farawa sura 23 ya ba da labarin Ibrahim, wanda ya tsufa yana baƙo a ƙasar Kan'ana. Da Saratu ta rasu, Hittiyawa suka yi masa tayin wurin binnewa kyauta. Ya ƙi, ya auna azurfa a gaban shaidu a ƙofar gari, ya sayi kogon Makfela. Ya san alherin baki yana iya ƙarewa da tsarar da ta yi shi. Littafin Firistoci sura 25 kuma ya tuna wa masu ƙasa cewa ƙasar ta Ubangiji ce, su ma baƙi ne a gabansa. Nassi ɗaya yana gargaɗin ɗan haya, ɗaya yana gargaɗin mai gida.

Daga tarihin nan ana iya ɗaukar darasi huɗu. Na fari, kada ɗan haya ya sa buhun siminti ɗaya a ɗakin wani sai an rubuta takarda a gaban shaidu, an faɗi nawa aka kashe, da yadda za a cire shi daga kuɗin haya, a kuma ajiye rasit. Na biyu, gyaran da ya shafi lafiya, kamar rufi da makewayi, ya cancanci kuɗi, amma abin ado gara ya zama wanda za a iya ɗauka a tafi da shi. Na uku, mai sauran ƙarfi ya nemi fili da takardarsa, ko da ɗaki ɗaya zai fara, ko da a ƙauye ne, gama tun ran gini ran zane. Na huɗu, dattawan ikkilisiya su ƙidaya tsofaffi da gwaurayen da suke haya a cikinsu, su yi musu asusu, su kuma yi tanadin wurin zaman ma'aikacinsu tun yana kan aiki.

Ga Kirista mai ɗakunan haya kuwa, masu gidan Salaga na dā sun bar masa misali. Duk da zunubin kasuwar da suka zauna a cikinta, sun san cewa tsohon baƙo ba a tashinsa. Wanda ya ga furfura a kan ɗan hayarsa, ya sassauta masa adibas, ya kuma sanar da magadansa a rubuce tun yana da rai.